Birki ko giya? Gardamar da gangarar Hada ke rabawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutsen Kara da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'ifa, wajen da ake kira Kurr, da yammacin Asabar, lokacin da mutanen Makka da Jidda ke kwararowa gida daga shan iskar Ɗa'ifa, ya san wani ƙauri da ke tashi a wurin. Ba na taya ba ne, ba kuma na baƙin mai ba. Fatar birki ce ta sha wuta. Za ka ga mota ɗaya ko biyu a gefen titi, mai ita ya tsuguna yana leƙen ƙafar gaba, siririn hayaƙi na fita ta ramukan wili, iyali sun fito sun yi cirko-cirko. In ka tambaye shi sai ya ce motar ce ta ba shi kunya, ko bakanike ne ya sa masa fatar bogi. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa, da a ce kana zaune kusa da shi tun daga saman Hada, garin da ke kan dutsen inda gangarar ta fara, da ka ga ƙafarsa ba ta bar kan birki ba har ƙasa, giya kuma tana ta huɗu ko ta biyar, in ma ba a firi take ba.

Zancen sauko da giya lokacin rage gudu tsohuwar gardama ce tsakanin direbobinmu na nan Saudiyya. Na ji ta a majalisar shayi a Shara Mansur ta Makka, na ji ta a warsha, wato garejin bakanike, ana jiran a sauke mota daga jak. Dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan manyan motoci da wanet, wato a-kori-kura irin Hilux, suna cewa wanda bai iya saukowa da giya ɗaya bayan ɗaya ba, daga biyar zuwa huɗu, zuwa uku, zuwa biyu, ba direba ba ne, mota ce kawai ke ɗauke da shi. Samarin da suka fito daga makarantar tuƙi kuwa cewa suke yi wannan azabtar da mota ne. Fatar birki, wadda Larabawa ke kira fahamat, kuɗinta kaɗan ne kuma cikin awa guda an canza ta, shi kuwa kuloci sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin hannu ya kai gare shi. To don me za ka cinye mai tsada domin ka adana mai araha?

Na daɗe ina sauraron su, kuma abin da na gane shi ne ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Dattijon gangara yake tunawa, saurayin kuma danjar Shari' Sittin, titin cikin gari. Ayyuka biyu ne muke kira da suna ɗaya. Akwai rage gudu: mota na kan 80 ka mayar da ita 40. Akwai kuma riƙe gudu: mota na kan 40, gangara na son kai ta 80, kai kuma ka hana. Na farko aikin birki ne, na biyu aikin giya. Kusan duk ɓarnar da nake gani, ta aljihu da ta rai, daga ɗora wa ɗaya nauyin ɗayan take fitowa.

Sai mun fara da birki, don a nan ne mutane suka fi raina lissafin. Birki ba ya haɗiye gudu ya ɓatar da shi, juya shi yake yi ya koma zafi. Fata ta matse faifan ƙarfe, gogar nan ta haifi wuta, iska ta kwashe wutar a hankali. A cikin gari wannan tsari ba ya gajiya, domin tsakanin danja da danja ƙarfen yana samun sararin hucewa. Gangara mai tsawo ba ta ba shi wannan sarari. Ɗa'ifa na zaune kusan mita 1,900 sama da teku, Hada ta ɗara haka, Makka kuwa ba ta wuce mita 300 ba. Motar da ta sauko mita 1,500, ƙarfin da tudu ya zuba mata ya kai a ce ka tsayar da ita cak daga gudun kilomita 100 har kusan sau 40. Iska da gogar taya a kan kwalta suna ɗauke wani kaso, a shimfiɗar Wadi Nu'uman ma su ke ɗauke kusan duka. Amma a jikin dutsen, inda kwana ke bin kwana kuma gudu bai kai wanda iska za ta tare ba, mafi yawan wannan kaya ko dai inji ya ɗauka ko fatar birki. In kuma ka cika bayan wanet da kaya har nauyinta ya ninka, zafin ma ya ninka.

Zafin nan ta hanya biyu yake kayar da birki, kuma ƙafarka za ta gaya maka wacce ce. In fatar ce ta wuce ƙima, sinadarin da ya haɗe ta yana fara toyewa, ta yi santsi. Za ka ji abin takawar da tauri kamar kullum, amma kana dannawa motar na tafiyarta. In kuwa man birki ne ya tafasa, sai ka ji abin takawar ya yi laushi kamar soso, ya nutse har ƙasa, domin tururi ya shiga bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Man birki mai lambar DOT 3 sabo fil ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, na DOT 4 kuwa 230. Amma man nan yana tsotsar danshi daga iska a hankali, kuma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140, ko 155 in DOT 4 ne. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Motar da take kwana a laimar Jidda, shekara biyar ba a taɓa man birkinta ba, sannan a hau da ita Hada a tsakiyar bazara, ina jin tsoronta fiye da motar da tayarta ta suɗe, domin suɗaɗɗiyar taya ko yaro yana ganinta.

To inji fa, ta yaya yake riƙe mota? In ka ɗaga ƙafa daga totur alhali mota na cikin giya, lamarin ya juye: ba inji ke juya taya ba, taya ce ke juya inji. A injin fetur, ɗaga ƙafar yana rufe maƙogwaron da iska ke shiga, sai fistin ya riƙa zuƙa ta ƙofar da ta kusa toshewa, kamar mai shan fura mai kauri da siririn tsinke. Wahalar zuƙar nan, haɗe da gogar ƙarafan cikin inji, ita ke jan motar baya. Zafin da ke fitowa daga nan kuwa yana da masu kwashe shi: lagireto da salansa, waɗanda aka ƙera su don ɗaukar wutar da ta ninka wannan sau da yawa. Shi ya sa inji zai riƙe ka awa guda a gangara bai gaji ba, allurar zafi ma sau da yawa sauka take yi.

Injin dizal na asali ba shi da wannan maƙogwaro, iska na shiga yadda ta ga dama, iskar da fistin ya matse kuma tana mayar masa da ƙarfinta in ya juyo. Don haka riƙonsa bai kai yadda girmansa ke nunawa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa wa Coaster da Dyna da ire-irensu birkin salansa, wanda ke toshe hanyar hayaƙi, a tirela kuma a sa wanda ke buɗe bawul ya saki matsattsiyar iska, mai ƙarar nan kamar ana luguden ganga. Ba'amurken da ya ƙirƙiro na tirelar, Clessie Cummins, a shekarar 1931 birkin babbar motarsa ya mutu a wata doguwar gangara a Kalifoniya, da ƙyar ya tsira daga karo da jirgin ƙasa. Sai a 1961 na'urar ta shiga kasuwa. Direban Coaster da yake da maɓallin birkin salansa a gefen sitiyari bai san amfaninsa ba, ya ajiye rabin makaminsa a gida.

Ƙarfin riƙon ya danganta da giyar da kake ciki, kuma a nan ne lissafin da ya fi muhimmanci yake. A ɗauki mota mai giya biyar irin wadda muka saba. A ce kana gudun kilomita 60, a giya ta huɗu inji na juyawa sau 2,000 a minti. A wannan gudun dai, giya ta uku tana bukatar wajen 2,800, ta biyu kuma sama da 4,000. Duk giyar da ka sauko, taya tana tilasta wa inji juyi mafi sauri, injin kuma yana samun ƙarin galaba a kanta, riƙo ya ƙaru. Amma ka lura da ratar nan: daga 2,000 zuwa 2,800 akwai juyi 800 da inji bai da su a daidai lokacin da ka zura giyar. Bashi ne, kuma dole wani ya biya. Ko dai ka biya da totur, ko kuloci ya biya da fatarsa.

Nan ne samarin suke da gaskiya, nan ne kuma wasu da ke kiran kansu tsofaffin hannu suke kuskure. Mutum ya taka kuloci, ya jefa giya ta uku, inji ya faɗo ƙasa yana numfashi a 800, sannan ya riƙa sakin kuloci a hankali, a hankali, motar na nishi tana dunƙulewa gaba har allura ta hau. Yana jin motar na rage gudu sai ya ɗauka inji ne ke aiki. Ba inji ba ne. Farantin kuloci ne ke gogar faifan bayan inji, yana jawo shi sama da ƙarfin tsiya. Wato ya mayar da kuloci birki, birki mafi tsada a jikin motar, kuma wanda ba shi da iskar da za ta huce shi. Wanda ke yin haka a kowace danja, kada ya yi mamaki in ya ga kansa a sana'iyya, unguwar kanikawa, ana ce masa sai an canza sahan da disk, wato kayan kuloci, gaba ɗaya.

Gyaran ba wuya gare shi ba, sai dai yana son maimaici. Birki ne farko, koyaushe. Ka sauko da gudun zuwa inda giyar da kake nufi za ta karɓa ba tare da ihu ba. Sannan ka taka kuloci, hannu na kai giya ƙafar dama kuma ta ɗan zunguri totur, zungura ɗaya gajera, allura ta yi tsalle zuwa kusa da inda za ta zauna, ka saki kuloci kafin ta faɗo. In ka dace, wanda ke zaune a gefenka ba zai ji komai a jikinsa ba, sautin inji kawai zai ji ya canza. In motar ta dunƙule gaba, zungurar ta yi kaɗan ko ka makara. In ta zabura, ta yi yawa. Wuya da kafaɗar fasinja su ne ma'aunin da ya fi agogo gaskiya. Ina ba masu koyo shawara su fara da huɗu zuwa uku a miƙaƙƙen titi da babu kowa, domin ratarsu ƙarama ce. Uku zuwa biyu ta fi wuya. Giya ta ɗaya kuwa ba a neman ta sai mota ta koma tafiyar ƙafa.

A cikin giyabos ma akwai masu biyan irin wannan bashi. Wasu zobba ne na tagulla, a warsha za ka ji ana ce musu nahasa, aikinsu su daidaita gudun haƙoran giya kafin su sarƙe. Kamfanin Cadillac ne ya fara sa su a mota a 1928, amma manyan motoci sun daɗe bayan nan babu su. Shi ya sa dattawanmu suka taso da taka kuloci sau biyu: a taka a fito firi, a saki, a zunguri totur, a sake takawa a shiga giya. Sakin nan na tsakiya shi ke sa zungurar ta kai har cikin giyabos. Motar zamani ba ta bukatar haka, amma duk mai tsohuwar Hilux da giyarta ta biyu ke gurnani da safe, in ya koyi wannan dabara zai ƙara wa giyabos ɗin shekaru. Kuma abin da zobban nan ke yi in suka ƙi karɓar giya gargaɗi ne. In ka tura sanda ka ji ta cije, gudunka ya fi ƙarfin giyar. Kada ka danna da ƙarfi.

Domin in ka danna ta shiga, abin da ke biyo baya ba ya gyaruwa da addu'ar bakanike. Motocin yanzu suna da na'urar da ke yanke mai in allura ta kai jan layi, sai mutane suka ɗauka inji ba zai taɓa wuce iyaka ba. Na'urar mai kawai take yankewa, ba ta da iko a kan taya. A misalinmu na ɗazu, kana gudun 100 a giya ta biyar, ka nufi ta huɗu hannu ya kauce ya faɗa ta biyu: ka saki kuloci, taya za ta wujijjiga inji zuwa kusan 7,000. Injin fetur da yawa jan layinsu na wajen 6,000 ne, na dizal kuwa galibi bai fi 4,500 ba. Bawul ya kasa rufewa a kan lokaci, fistin ya same shi a hanya, shi ke nan. Kuma mu da muke zaune a hagu muna jan sanda da hannun dama, kuskuren nan ya fi kusa da mu, domin hannu in ya firgita jikinsa yake jawowa, can kuma giya ta biyu take. Daga biyar, ka fitar da sandar ka bar ta ta koma tsakiya da kanta, sannan ka ja ta baya sak. In ka fara sakin kuloci ka ji inji ya ƙwala ƙara, mayar da ƙafar nan take.

Akwai wata illa da masu wanet ya kamata su riƙe. Birki ƙafa huɗu yake kamawa, a motocin zamani kuma ga ABS na hana taya daskarewa. Riƙon inji kuwa ƙafafun da ke jan mota kaɗai yake kamawa. Hilux da ba ta da kaya, ƙafafun baya ke jan ta, kuma bayan nan ba nauyi. Ka saki kuloci da garaje a giyar ƙasa, a kan kwana, ranar da hazo ya jiƙa kwaltar Hada ko aka yi yayyafin farko a kan ƙurar wata shida, sai ka ji bayan motar na son wuce gabanta. Sannan giya ba ta kunna jar fitilar baya. Wanda ke bin ka a manne, kuma a nan ba mu rasa su, bai san ka rage gudu ba sai ya gan ka a hancinsa. Ko don shi kaɗai, ka taɓa birki kafin ka taɓa giya.

A cikin gari, gaskiya, babu dalilin bin giya ɗaya bayan ɗaya. Ka hango danja ta yi ja, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bar motar a giyar da take, ka bi ta da birki, in allura ta kusa 1,000 ka taka kuloci ka tsaya. In kuwa ta buɗe kafin ka ƙarasa, ka zaɓi giyar da ta dace da gudun da ya rage, ko da daga biyar ne zuwa biyu kai tsaye, ka wuce. Haka makarantun tuƙi na Ingila ke koyarwa shekaru da yawa. Dattawanmu ba wauta suka yi ba da suka saba da ɗaya bayan ɗaya. Birkin zamaninsu na ganga ne ƙafa huɗu, mai saurin zafi, mai ja gefe, ba mai taimakon ƙafa. Tausaya masa dole ne. Kiɗa ya canza, rawar cikin gari ma ta canza. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki rawar cikin gari a hau dutse da ita.

Sai zancen firi, wanda shi ne ya fi ci mini rai, domin talauci ne ke kawo shi, ba ganganci ba. Mai dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ko mai tasi yana lissafin kowane riyal, an kuma gaya masa in ya saki mota a firi a gangara mai ba ya tafiya. A zamanin kafireto akwai ɗan abin kamawa a maganar. A motar injekta kuwa akasin haka ne. In mota na cikin giya, ƙafarka ba ta kan totur, juyin inji kuma ya haura na zaman banza, kwamfutar motar rufe mai take yi gaba ɗaya, tudu ne ke juya injin kyauta. A firi kuwa dole ta riƙa ba shi mai don kada ya mutu. Ka ga ke nan mai firi a gangaren da dole sai an riƙe mota ya ƙona mai, ya ƙona fata, ya kuma rasa abin da zai zabura da shi in wani abu ya taso. Taka kuloci a riƙe shi ma firi ne da wani suna. Masu kashe inji ɗungurungum kuwa, su sani taimakon da ke sa birki laushi daga inji yake zuwa, taki biyu ko uku ya ƙare, sitiyari ya yi nauyi, in makulli ya juya baya da yawa ma ya kulle.

Shekarar da na fara riƙe sitiyari a wannan hanya, wanet ɗin kawuna ce, cike da kwalayen rumman za mu kai halakar Ka'akiyya, kasuwar kayan marmari ta Makka. Yana gefe yana jan carbi. Na shiga gangarar a giya ta huɗu, ƙafa a kan birki, ina ganin ai a hankali nake tafiya. Ba mu yi nisa ba na ji sai na ƙara dannawa kafin motar ta saurara. Shi hancinsa ne ya fara gaya masa. Ya ce, "Ɗana, nemi fili ka tsaya." Da muka fito ya ce in kawo tafin hannuna kusa da wilin gaba, kada in taɓa. Kamar bakin tanda. Na ce, "Kawu, ai ban yi gudu ba." Ya ce, "Na gani. Amma birki ruwan gora ne. Wanda ka shanye a farkon hanya ba za ka same shi a ƙarshenta ba." Muka zauna fiye da rabin awa birai na kallonmu daga kan duwatsu, sannan ya sa na ƙarasa a giya ta biyu, inji na kuka, ni ina jin tausayinsa, shi kuwa Kawu ko a jikinsa.

Kukan nan shi ke hana mutane. Sun saba jin inji a 2,000, in ya kai 3,500 sai su ji kamar zai fashe, su mayar da giya sama. Injin fetur da ke juyi 3,500 ko 4,000 babu totur ba ya cikin wata wahala, muddin allura ba ta kusanci jan layi ba. Tsohuwar ƙa'idar direbobi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ƙa'ida ce mai kyau, amma motocin yanzu sun fi ƙarfin hawa kuma sun fi sulɓi, har a Amurka ana koya wa direbobin tirela su sauko da giyar da ta fi ta hawa ƙasa. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: in ka ɗaga ƙafafu biyu motar ta riƙe gudunta, ko tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, giyar ta yi. In sai ƙafarka ta zauna a kan birki, ka sauko da ɗaya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a sama ake zaɓen giya, tun mota na tafiya a hankali, ba a tsakiyar gangara ba bayan gudu ya ƙwace. Mai ɗauko masu Umra daga miƙatin Wadi Muharram, da zarar sun shiga mota da haraminsu suna talbiyya, gangarar na gabansa kaɗan. A nan ya kamata ya gama shawara.

Ko a giyar da ta dace za ka bukaci birki, amma yadda ake taka shi ya bambanta. Ka bar gudu ya hau zuwa iyakar da ka yanka wa kanka, ka taka sosai na daƙiƙa uku ko huɗu har ya sauko da kamar kilomita 10, ka saki gaba ɗaya ƙarfe ya sha iska. Ɗora ƙafa sama-sama ba sakewa shi ke dafa fata. Kafin kwana kuma ka gama komai a miƙe: birki, giya, sakin kuloci, sannan ka juya sitiyari da hannu biyu. Canza giya a tsakiyar kwana hannu ɗaya ne a sitiyari da mota a sake, a daidai inda aka fi bukatar riƙo.

Ba Hada kaɗai ba ce. Kudancin ƙasar nan cike yake da irin waɗannan akabobi, wato hanyoyin gangarar dutse, na Baha, da Dala'a da ke sauka daga Abha zuwa ɓangaren Jizan, da Sha'ar. A Sha'ar ɗin ne a watan Maris na 2023, cikin azumi, motar masu Umra ta daki gada ta kife ta kama wuta, aƙalla mutum 20 suka rasu, jaridun nan kuma suka ambaci matsalar birki. Allah Ya jiƙansu. 'Yan'uwanmu da yawa suna tuƙa bas da motocin kaya a waɗannan hanyoyi, wasunsu kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka koyi tuƙi, inda mutum zai shekara bai ga tudun da ya fi na gadar sama ba.

Za ka ji samari na zancen taka birki da yatsun ƙafa a zunguri totur da gefenta a lokaci guda. Dabarar masu tsere ce, tana da kyau, amma mai kai iyali Ɗa'ifa ba ya bukatarta in ya ba kansa tazara. Wasu motocin ma yanzu da kansu suke zungurar: Nissan ta fara a 370Z, Toyota kuma ta sa irinsa a wasu Hilux da Corolla da sunan iMT. Masu otomatik kuma, da su ne suka fi yawa a gefen titin Kurr, harafin L da lambobin 2 da 3, ko alamar ragi da ƙari da ke jikin sandarsu, wannan aikin aka yi su domin shi.

In kuwa abin ya riga ya faru, ka taka ka ji birki ya tafi, kada ka kashe inji. Ka buga abin takawar da sauri sau da yawa, wani lokaci yana tara ɗan ƙarfi. Ka sauko da giya ɗaya, da zungurar totur mai kyau don ta karɓa, ka bar ta ta ci gudun kafin ka nemi ta gaba. Tsallake biyu a wannan hali yana iya barin ka a firi, giyar sama ta fita, ta ƙasa ta ƙi shiga. Birkin hannu a ja shi sannu-sannu, babban yatsa na kan maɓalli, don a sake shi in baya ya fara zamewa. In Allah Ya sa ka samu ka tsaya, kada ka watsa wa faifan ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka kashe inji, ka bar ta a ribas in gangara take fuskanta, ka karkata sitiyari wajen dutse, ka sa wa taya waigi. Bayan ya huce za ka ji birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, amma man da ya taɓa tafasa ya nuna ya sha ruwa, fatar da ta toye kuma ta riga ta yi ƙyalli. Ka lallaɓa a giya ta biyu har ƙasa, ka wuce warsha kafin ka wuce gida.